Tsofaffin Gidaje a Matsayin Madogarar Tarihi

A ƙasar Hausa ba a san gida da lamba ba. Da sunan mai shi ake kiran sa, ko sarautarsa, ko sana'arsa. Wannan ne ya sa sunan gida yakan fi gininsa daɗewa. Ginin tubali da azara sai an riƙa yi masa yaɓe kafin damina, in ba haka ba ya zama kango, amma sunan yana nan a bakin jama'a.

Gidan Makama da ke birnin Kano misali ne. Tarihin baka ya nuna cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya zauna a cikinsa kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun mayar da wani sashensa ofis, daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Mazauna sun yi ta sauyawa, sunan bai motsa ba. Haka ma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Sai dai suna yakan ruɗi mai nazari: Dandalin Turawa unguwar fataken Larabawa ce, domin a tsohuwar Hausa su ake kira Turawa.

Waɗannan gidaje sun sami gata, hukuma na kula da su. Na karkara ne ba su da mai tsaya musu. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira Sarakunan Baba saboda rini. Duk da haka, tarihin gidajen garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, irin su Zinyau, galibi a kan dattawa yake. Idan magada suka raba gado, suka rushe zaure suka sa bulo, sannan dattijon gidan ya rasu, an rasa shaida biyu a lokaci guda.

Jinga: Ɗalibi ya zaɓi tsohon gida ɗaya a garinsu, ya binciko asalin sunansa da jerin masu gidan. Ya ji ta bakin tsofaffin matan gidan, domin sukan riƙe salsalar auratayya fiye da maza.