Darasi: Zaɓen Maɗaurin Gwiwa

Gwiwa ita ke ɗauke da mutum. Da ita muke huɗa, da ita muke durƙusawa mu gai da manya, da ita muke sujada. Shi ya sa in mutum ya sami himma, mukan ce ya sami ƙarfin gwiwa. In ya karaya kuwa, mu ce gwiwarsa ta yi sanyi.

A nan Sukuntuni mun san yadda ake samun ciwon gwiwa. Wani ya faɗi da babur a hanyar Kankiya. Wani ya zame a gona da damina. Yaro ya murɗe ƙafa wurin ƙwallo. Mace ta yi tuntuɓe da tulu a ka. In abin ya zo lokacin noman fari, hasara ce babba, don ciyawa ba ta jiran majinyaci.

YADDA GWIWA TAKE

Ƙasusuwa 3 suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Manyan jijiyoyi 4 suka ɗaure cinya da ƙwauri. Biyu suna gefe, biyu suna ciki sun gitta juna. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi, yana aiki kamar gammo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya samun rauni, kuma kowane rauni da irin magani nasa.

A SAN CIWO TUKUNA

Kada mu sayi maɗauri sai mun san ciwon. A tafi asibiti ran nan ran nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Mutum ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar.
2. An ji ƙara a cikin gwiwa, ta kuwa kumbura nan da nan.
3. Gwiwa ta karkace, ko ta ƙage, ba ta lanƙwasuwa ba ta miƙuwa.
4. Gwiwa tana gocewa in an taka.
5. Gwiwa ta yi zafi rau, ga zazzaɓi.

Akwai Babban Asibiti a Kankiya. In ciwon ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Hoton ƙashi yana nuna karaya da tsagewa, amma ba ya nuna jijiya. Ita likita yakan gwada ta da hannu. Saboda haka ko an ce ƙashi lafiya, kada mu ce ai shi ke nan.

In ɗan targaɗe ne kawai, a huta. A ɗora ƙafar a kan matashi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a dafa wurin minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. In babu ƙanƙara, a jiƙa tsumma da ruwan randa. Kwana 2 na farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza da ƙarfi, don suna ƙara kumburi.

MAƊAURI IRI HUƊU

Na ɗaya, bandeji mai talewa. Na kwanakin farko ne, don rage kumburi. Ana fara naɗa shi daga ƙasan gwiwa a yi sama.

Na biyu, safar gwiwa. Ana zura ta kamar safa. Tana da amfani ga ɗan targaɗe da ɗan kumburi. Amma ba ta iya riƙe gwiwar da ke gocewa.

Na uku, mai ƙarfe a gefe biyu. Ƙarfen yana lanƙwasuwa tare da gwiwa, amma yana hana ta karkata dama ko hagu. Shi ake ba wanda jijiyar gefe ta yage, sau da yawa har wajen mako 6. Likita ne zai ce a saye shi.

Na huɗu, dogo mai sandarar da ƙafa. Yana kamawa daga cinya zuwa ƙwauri, ya hana gwiwa lanƙwasuwa sam. Na ciwo mai tsanani ne, ko bayan an yi aiki. In aka daɗe da shi fiye da yadda likita ya ce, gwiwa takan ƙage.

AWO

Kada mu ari na maƙwabci, kada mu saya da ka. Kowane kamfani ya rubuta a jikin kwali inda za a auna. Waɗansu sukan ce a auna kaurin cinya inci 6 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Mu ari tef wurin tela, mu auna, mu rubuta lambar a takarda, mu tafi da ita kemis. A jikin kwalin za mu ga baƙaƙe: S ƙarami, M matsakaici, L babba. Ga amfanin karatu ke nan. Wanda ya iya karanta kwali, ba a sayar masa da abin da ba nasa ba.

Bayan an sa, a zura yatsa 2 ƙarƙashin maɗaurin. In sun shiga da ɗan matsi, ya yi daidai. In sun ƙi shiga, ya matse. In yana zamewa ƙasa, ya yi yawa.

KASHEDI

Ɗauri mai tsanani yana tsai da jini. In yatsun ƙafa suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko ƙafa ta mutu, ko aka ji kamar ana tsira allura, a kwance shi nan take. Haka ma ɗaurin maɗori. Ƙafar da jini ya daina kai mata ruɓewa take yi, ƙarshenta sai yankewa. Kada a kwana da safar gwiwa, kada a sa ta a kan gyambo. A riƙa wanke ta, a shanya a inuwa.

Maɗauri mataimaki ne, ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke. Naman cinya shi ne maɗaurin da aka haife mu da shi. In zafi ya lafa, kuma likita ya yarda, a kwanta rigingine, a miƙe ƙafar, a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, a ƙidaya 5, a sauke. A yi sau 10, safe da yamma. Wanda ya dogara ga maɗauri ya bar motsa ƙafa, cinyarsa za ta rame, gwiwar ta ƙara rauni.

TAMBAYOYI

1. Manyan jijiyoyi nawa ne a gwiwa?
2. Faɗi alamomi 3 da za su sa a tafi asibiti.
3. Wane maɗauri ake ba wanda jijiyar gefe ta yage?
4. Yaya za mu gane maɗauri ya matse?

A rubuta sau 3: A san ciwo kafin a sayi maɗauri.