Tauri Wanda Ba Ya Ciwo

'Yan'uwa, akwai wata tsohuwar kalma ta likitocin Helenawa, ita ce sikiros. Ma'anarta abu mai tauri. Da ita su ke kiran kumburin da ya sandare cikin jiki, musamman a hanta ko a saifa.

Wanda ya bayyana ta sosai shi ne Galen, wanda Larabawa su ke kira Jalinus. An haife shi a shekara ta 129 a Birgamas, garin nan da aka ambata cikin Ru'ya ta Yohanna sura ta 2. Ya raba sikiros kashi biyu. Na ɗaya, idan an danna wurin, mai ciwon ya kan ɗan ji. Wannan ya na da wuyar magani, amma akwai bege. Na biyu ba ya jin kome, shi kuwa Galen ya ce ba shi da magani. Likitocin Turai sun daɗe su na amfani da kalman nan. A 1819 wani likitan Faransa, Laennec, ya ba taurin hanta sabon suna, sirosis, saboda launinta mai ruwan ɗorawa.

Darasi na fari na jiki ne. Shan giya da ciwon hanta na ƙwayar cuta su kan taurara hanta a hankali, shekara da shekaru, mutum bai ji zafi ba. Kada ka jira sai cikinka ya kumbura. Je asibiti a gwada jininka tun da wuri.

Na biyu na ruhu ne. Ba mu sami sikiros cikin Littafi Mai Tsarki ba, amma karanta Afisawa 4:18-19. Can Bulus ya yi zancen taurin zuciya da wata kalmar likitoci, wadda su ke kiran ƙullin da kan fito inda ƙashi ya karye ya haɗu. Nan da nan ya ƙara da cewa mutanen sun daina jin zafi.

Ranar da ka fara yin ƙarya ba ka iya barci ba. Yau fa? Idan zunubinka ya na damunka har yanzu, ka gode wa Allah, ka tuba tun wurin ya na ciwo. Idan kuwa ya daina, kada ka fid da zuciya. Abin da ya gagari Galen bai gagari Ubangiji ba. Karanta Ezekiyel 36:26, ka roƙe shi yau.