Kafin ka zuba ruwa a akwatin kifinka, duba mazauninsa

Sana'ata walda ce a nan Filinge, kuma ƙera teburin ɗora tankin ruwa na cikin aikin da na fi yi. Kwanakin baya wani mai shago ya sayo akwatin kifin ado daga Yamai, na akirilik, wato robar nan mai garai-garai da wasu suka sani da sunan Plexiglas. Ya ce in yi masa ƙafafu huɗu da ƙarfen gefe kawai, tsakiya a buɗe, kamar yadda ya gani a wani gida. Na ce, "Alhaji, wanda ka gani na gilashi ne. Naka in aka yi masa haka, ba zai daɗe ba."

Gilashi ba ya lanƙwasa, shi ya sa akwatin gilashi mai baki yake iya zama a kan gefunansa. Akirilik kuwa ya fi jure bugu, nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, amma yana lanƙwasa, kuma a hankali yake yi. Duk inda gindinsa bai sami abin dafawa ba, ruwa zai yi ta danna wurin dare da rana har ya yi ciki. Daga nan sai mahaɗar gindi da bango ta fara ja, ƙananan tsaguwa su fito, a wayi gari da yoyo ko fashewa.

Mutane suna raina nauyin ruwa. Lita 1 kilo 1 ce. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50 yana cin lita 300, daidai da buhun siminti 6, ba a ma sa yashi da duwatsun ado ba.

Don haka gindin gaba ɗaya sai ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe. Nakan gitta ƙarfe a tsakiya duk bayan santimita 30 zuwa 40, in goge tudun walda, in ɗora falankin katako mai kaurin santimita 2 wanda aka shafa wa fenti saboda danshi da gara. Kada ko kusurwa ɗaya ta leƙo waje. A kan katakon ana shimfiɗa soso marar kauri don ya shanye ƙwayar yashi, amma soso ba ya gyara karkataccen tebur.

Garinmu a cikin kwarin Dallol Bosso yake, ƙasar rairayi ce. Ƙafar ƙarfe kan nutse a ciki, kuma ba tare suke nutsewa ba, sai tebur ya murɗe. A yi daɓen siminti, a liƙa wa kowace ƙafa faifan ƙarfe. Sannan a zuba ruwa kaɗan a auna zurfinsa a kusurwa huɗu. In ya bambanta, a kwashe a gyara. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Akirilik yana buɗewa da zafi ninkin gilashi wajen sau 8, saboda haka ba a matse shi da ƙarfe, ba a kuma ajiye shi a rana.

A ranar 16 ga Disamba 2022 babban akwatin kifin AquaDom na birnin Balin a Jamus, wanda shi ma na akirilik ne, ya fashe da ruwa lita miliyan 1 da kifi kusan 1,500. Namu ƙanana ne, amma lita 300 ta isa ta ji wa yaron da ke tsaye kusa ciwo.

Tankunan roba da muke ɗorawa a gidaje da na masu kiwon tarwaɗa duk hukuncinsu ɗaya ne. 'Yan'uwana masu walda, in mai kaya ya nemi a rage ƙarfen tsakiya don sauƙin kuɗi, ku yi masa bayani, kada ku yarda.