Darasin Uwar Sana'a: Takardar Sharuɗɗan Aiki da Sauye-sauyenta

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke da Allah Ya buɗa wa har kika ɗauki ma'aikata a shagon ɗinki, gidan burodi ko gidan abinci. Da yawanmu da baki muke ɗaukar ma'aikaci, a ce "ai yaron gida ne". Ranar da saɓani ya shiga kuwa, sai a rasa shaida.

Da farko, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta miki ba ma'aikaci takarda kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. A ciki za ki rubuta sunanki da nasa, irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin sallama. In wani sharaɗi ya canza, sai ki sanar da shi a rubuce cikin wata 1.

Na biyu, ki san wa'adin sallama. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1.

Na uku, doka ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma ya hau kan mai ma'aikata 25 zuwa sama. Haka fansho: dokar 2004 ta ce kowane ɓangare ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari, ta 2014 ta mayar da na mai aiki kashi 10, na ma'aikaci kashi 8. Kin ga mai riƙe da tsohuwar takarda tana iya tauye haƙƙin wani ba ta sani ba.

To, mene ne abin yi? Ki ware wa kowa fayil. Duk farkon shekara ki sake duba takardun, ki leƙa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku ki tambayi abin da ya sauya. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da Hausa gaban shaida, ya sa hannu, ki ba shi kwafinsa.

Haƙƙin ma'aikaci amana ce a wuyanki. Allah Ya sa albarka a nema, amin.