Darasi na 14: Kalmar "padding" ta Ingilishi

Ingilishi yana da wata kalma, padding. Ana karanta ta kamar "padin". Tushenta pad ne, wato ɗan abu mai taushi irin gammo. Kalma ɗaya ce, amma ma'anarta uku.

1. Cushe mai taushi

Ma'ana ta farko ita ce abu mai taushi da ake cusawa cikin wani abu. Da Faransanci ana ce da shi rembourrage. Kaɗar da ke cikin matashin kai padding ce. Soson da ke cikin katifa ko cikin hular kwano ta mai babur shi ma haka. Tela yana sa shi a kafaɗar kwat don ta tsaya. Mai jaki yana cusa ciyawa cikin akumari don kaya kada su ji wa jaki ciwo.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan aiki. In ƴaƴan rimi suka bushe, sukan fashe, audugarsu ta fito. Ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin shan ruwa. Sunanta kapok, da Ingilishi da Faransanci duka. Da ita ake cika lihidi. A ƙarni na 19 barade na Damagaram suna sa lihidi, su da dawakinsu, in za su yaƙi. Kibiya takan maƙale cikin audugar, ba ta kai ga jiki ba. Abin da suke tsoro shi ne wuta, don audugar rimi tana kamawa nan da nan. Yanzu sai a hawan salla ake ganin ƴan lihidi.

A ƙasashen Turai ma an yi ta cika rigar ceton mutane a teku da audugar rimi, har lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Daga baya soson masana'anta ya maye gurbinta.

2. Cushe cikin magana

Ma'ana ta biyu ita ce kalmomin da aka ƙara cikin magana ko rubutu don su yi tsawo kawai. Da Faransanci remplissage ne. Malam ya ce a rubuta layi goma a kan kasuwa. Wani ɗan makaranta ya rubuta: "Kasuwa babba ce. Tana da girma. Girmanta yana da yawa." Layi uku sun cika, amma abu ɗaya ya faɗa. Bai ce ranar da take ci ba, bai ce abin da ake sayarwa ba. Mai karatu ya gaji, bai ƙaru da komi ba.

3. Cushe cikin lissafi

Ma'ana ta uku ta fi muni. Ita ce ƙara kuɗin ƙarya cikin lissafi. An aiki mutum ya sayi buhu takwas, ya rubuta goma, ya sa kuɗin biyu aljihu. Wannan aringizo ne, kuma sata ce. A shekarar 2016 an yi ta gardama a majalisar wakilan Najeriya a kan haka. Jaridun Ingilishi suka ce budget padding, gidajen rediyon Hausa suka ce cushe a kasafin kuɗi.

Abin riƙewa

Cushe cikin matashi ko lihidi yana tsare jiki. Cikin rubutu yana ɓoye rashin abin faɗi. Cikin lissafi yana ɓoye sata. Sai an dubi sauran jimla kafin a gane ma'anar da ake nufi.

Tambayoyi

1. Da me ake cika lihidi?
2. Don me ƴan lihidi suke tsoron wuta?
3. Mene ne bambancin rembourrage da remplissage?

Aiki

Ku rubuta layi biyar a kan kasuwar garinku. Kowane layi ya faɗi sabon abu.