Ɗan Makaranta da Wayar Hannu

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, in ya yi tafiyar wajen kilomita 85 sai ya iso Illela. Daga nan kuwa babu sauran wani babban gari na Nijeriya a gabansa, sai bakin iyaka, sai Birnin Ƙwanni cikin ƙasar Nijar. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna.

A zamanin da, in wani abu ya auku a Sakkwato, labarinsa ba ya isowa Illela sai an kwana biyu ko uku, watau sai ɗan saƙo ya zo bisa doki, ko kuwa fatake sun sauka sun kwance kayansu. Yanzu fa? Kafin mai magana ya rufe bakinsa a Sakkwato an ji shi a Illela, an ji shi a Ƙwanni, har an ji shi a Makka. Abin da ya kawo haka shi ne wayar hannu. A shekarar 2001 aka fara aiki da irinta a Nijeriya. Sa'an nan tsada gare ta ƙwarai, sai attajirai da manyan ma'aikata. Yau kuwa har mai tallan albasa da makiyayi suna da tasu cikin aljihu.

Kun san yadda magana ke tafiya cikinta? Ku duba dogayen ƙarafan nan da aka kakkafa a gari, masu jan fenti da fari. In mutum ya yi magana, wayarsa ta kan jefa maganar ta iska zuwa ga ƙarfen da ya fi kusa da shi. Shi kuma ƙarfen ya miƙa ta gaba, har ta shiga wata irin igiya da aka binne ƙarƙashin ƙasa. A cikin igiyar akwai zaren gilashi, siririnsa kamar gashin kai, haske ne ke gudu cikinsa yana ɗauke da saƙo. Akwai irin igiyoyin nan da aka shimfiɗa cikin gindin teku. A shekarar 2010 guda biyu da aka kawo bakin teku a Ikko suka fara aiki, ɗaya daga ƙasar Fotugal, ɗaya daga Ingila. Ta haka na'urorin duniya suka haɗu suna magana da juna, haɗuwar nan tasu ita a ke kira intanet. A Amurka aka fara gwada ta, a shekarar 1969, da kwamfuta huɗu tak.

Da ya ke ƙarfe bai san iyaka ba, mutumin Illela ya kan ga wayarsa wani lokaci ta kama sabis na Nijar yana zaune a ƙofar gidansa. Lambar Nijeriya tana farawa da 234, ta Nijar kuwa da 227.

To, intanet kamar kasuwar Illela ta ke ran Lahadi. Akwai mai hatsi, akwai mai shanu, akwai mai littattafai, akwai kuma ɗan sane yana ratsa mutane yana duban aljihunsu. Bambancinsu ɗaya ne. Kasuwar Illela in rana ta faɗi ta kan watse, kowa ya koma gida. Wannan kuwa ba ta tashi, dare da rana ci ta ke. Ba uban da zai aiki ƙaramin ɗansa kasuwa bai gaya masa rumfar da zai je ba, da abin da zai sayo, da lokacin da zai komo. Haka ya kamata a yi wa yaro in za shi intanet.

Amfaninta ga ɗan makaranta ba kaɗan ba ne. Yaron da bai taɓa ganin teku ba sai malam ya nuna masa ita tana motsi. Wanda lissafin kashi-kashi ya gagare shi ya kan sami mai bayani, ya saurara, ya komo baya, ya sake saurare har ya gane. A shekarar 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, yara da yawa ta rediyo da talabijin da waya suka riƙa ɗaukar darasi. Har wa yau, tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB, wadda a ke yi don shiga jami'a, da kwamfuta a ke yin ta. Saboda haka duk wanda ya ke da niyyar yin karatu mai zurfi a cikinku, tilas wata rana ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi, lokaci yana tafiya. Gara ya saba da ita tun yanzu.

Amma bari in ba ku labarin wani abu da ya auku, don ku ga ɗaya gefen.

A watan Yuli na shekarar 2014 wani matafiyi ya sauka Ikko daga ƙasar Laberiya ɗauke da wata muguwar cuta da a ke kira Ebola. Hankalin mutane ya tashi ko ina. Ana nan cikin watan Agusta, wata rana da dare, sai wani saƙo ya fara yawo cikin wayoyi, wai kowa ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, wai shi ne maganin cutar. Wanda ya samu sai ya tura wa ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya tura wa abokinsa, wani ya buga wa uwarsa waya a ƙauye ya tashe ta daga barci. Kafin asuba labari ya gama ƙasa, daga kudu har arewa. Mutane suka yi ta zuba gishiri cikin bokiti. Ashe maganar ba ta da tushe ko kaɗan. Likitoci suka fito suka ƙaryata, amma aikin gama ya riga ya gama. Mutum biyu aƙalla suka mutu saboda shan gishiri, aka kwantar da waɗansu asibiti. Ita cutar kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya duka, 8 suka rasu, a watan Oktoba na wannan shekara aka tabbatar ta ƙare.

Ku lura da wannan. Yawancin waɗanda suka tura saƙon nan ba mugaye ba ne. Ƙaunar 'yan'uwansu ta sa su. Abin da suka rasa ɗaya ne, ba su tsaya sun tambaya ba: wa ya faɗa? A ina ya ji? Likita ne? An faɗa a rediyo?

Wannan magana ta shafe ku fiye da yadda ku ke zato. A gidaje da yawa ɗan makaranta shi ne mai karanta saƙo. Uba ya kan miƙo waya ya ce, "Kai, duba mini me aka rubuto nan." Kaka ta kan kira jikarta ta ce, "Ke, zo ki ji mini wannan." A wannan lokaci kai ne idon gidan. Abin da ka karanta, da yadda ka faɗe shi, shi manya za su yi aiki da shi.

Mutanen Illela sun san nauyin labari, domin abincinsu yana rataye da bakin iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai ran 16 ga Disamba, 2020, ran nan kuwa Illela tana cikin wurare huɗu da aka fara buɗewa, tare da Maigatari da Seme da Mfum. A shekarar 2023, bayan soja sun karɓi mulki a Nijar, aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. To, a ce a irin wannan lokaci yaro ya ga wani rubutu wai gobe za a buɗe iyaka, ya sheƙa ya gaya wa ubansa kamar abin da ya tabbata. Uban ya ci bashi, ya yi lodin tumatir, ya biya kuɗin mota. Aka isa, ga ƙofa a rufe. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Da yaron ya ce, "Baba, ga abin da aka rubuta, amma ba a faɗi wanda ya ce ba, mu jira labarin rediyo," da dukiya ba ta salwanta ba.

Akwai kuma 'yan damfara. Su kan aiko da saƙo su ce, "Ka ci kyautar kuɗi, aiko da lambar da ta shigo wayarka yanzu." Ko su buga su ce daga banki ne, za a rufe asusun mai gida in ba a faɗi lambar sirri ba. Ku sani banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda bai shiga gasa ba kuma ba ya cin kyauta. In irin wannan ya zo, kada ku amsa, kada ku taɓa shuɗin rubutun da ke ciki, ku kai wa babba.

Haka nan ba a gaya wa baƙo sirrin gida. In wani wanda ba ku sani ba ya tare ku a hanya ya ce, "Yaushe babanku za shi kasuwa? Shanu nawa ya sayar?" ai ba za ku faɗa ba. To, wanda ya tambaya ta waya shi ma baƙo ne, ko da ya sa hoton yaro tsaranku, gama ba wuya mutum ya ari hoton wani. Maganar nan ba wasa ba ce. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka yanke sabis na waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23, na wani lokaci, domin 'yan bindiga suna samun labarin mutane ta waya. Kada ku rubuta sunan makarantarku, ko unguwarku, ko lokacin da ku ke tashi, inda kowa zai gani. Masu Facebook da TikTok da kansu sun ce sai wanda ya kai shekara 13 zai buɗe shafi, yawancinku kuwa ba ku kai ba tukuna.

Sai batun hoto. Yaro ya kan ɗauki hoton abokinsa yana gyangyaɗi a aji, ko rigarsa ta yage, ya tura don a yi dariya. Shi a wurinsa wasa ne na ɗan lokaci. Amma rubutun allo a kan wanke shi, na littafi a kan goge, wannan kuwa in ya fita ya fita. Ko ka share naka, yana cikin wayoyin waɗansu, wataƙila har Ƙwanni, wataƙila har Yamai. Abokin nan zai girma, ya nemi aiki, ya nemi aure, hoton yana nan. Kada ku ɗauki hoton mutum sai da izininsa. In kuwa wani ne ya yi muku haka, ko ya aiko muku da zagi, ko da abin kunya, kada ku rama, kada kuma ku ɓoye don tsoron faɗa. Ku nuna wa malam ko iyayenku.

Tun shekarar 2022 an sami waɗansu na'urori masu amsa tambaya, irin su ChatGPT. In ka ce su rubuta maka insha'i a kan damina, kafin ka kifta ido sun rubuta. Ni dai ina ganin yaron da ya kwafi wannan ya kai wa malam kamar wanda aka aika ya koyo noma ne, ya biya kasuwa ya sayo dami ya kawo gida. An sami dami, amma ba a sami manomi ba. Ran jarrabawa kuwa ba a shiga da waya, wanda aka kama da ita a kan soke sakamakonsa. Ban da haka ma, na'urorin nan su kan yi kuskure, su faɗi abin da ba haka ba ne, da kyakkyawan lafazi kamar gaskiya. Ku fara yin aikinku da kanku, in kun kakare ku tambayi malam.

Ba a Nijeriya kaɗai a ke wannan tunani ba. A ƙasar Faransa, inda kusan ko wane gida akwai waya, tun shekarar 2018 aka kafa doka ta hana 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare amfani da ita a makaranta. Dalilinsu shi ne hankalin yaro ba ya rabuwa biyu, in yana ga waya ba ya ga malam. Da dare ma haka ne. Wanda ya kwana yana kallo, da safe sai ya zo aji ido ja wur, ana karatu yana hamma.

In makarantarku ta yi sa'a tana da kwamfuta, ku tuna ta jama'a ce, ƙannenku ma za su zo su same ta. Babban abokin gabarta a ƙasarmu ƙura, musamman da hunturu, sai zafi, sai ruwa. In an gama aiki a kashe ta yadda malam ya nuna, a lulluɓe ta da ƙyalle. Ba a cin abinci kusa da ita, ba a fizgar igiyarta. In kuwa ku biyar ne a kan guda ɗaya, kowa ya taɓa, har da wanda ya fi ku ƙanƙanta, har da 'yan mata, kada mai ƙarfi ya kankane kujera.

TAMBAYOYI

1. Ta ina magana ke bi daga wayar da ke Illela har ta isa Ingila?

2. Me ya sa mutanen kirki suka tura saƙon gishiri a shekarar 2014? Da me ya kamata su yi?

3. Kakarka ta miƙo maka waya, an rubuto wai ta ci kyautar kuɗi. Me za ka ce mata?

4. Ka tambayi wani dattijo a gidanku yadda a ke aika saƙo tsakanin Illela da Sakkwato sa'ad da ya ke yaro. Ka rubuta abin da ya faɗa maka cikin layi goma, ka kawo aji.