Girka Fallen Sifirin a Makunnin Lantarki: Matsayin Makari da Noti

Gabatarwa

Fallen sifirin siririn ƙarfe ne da ke lanƙwasuwa ya koma yadda yake. Akan ƙera shi da gamin jan ƙarfe da kuza, a manna ɗigon azurfa a bakinsa, inda yake taɓa ɗan'uwansa wuta ta wuce. An yi amfani da shi sosai a na'urorin haɗa layin tarho irin na Almon Strowger, waɗanda suka fara aiki a Amurka a 1892.

Tsarin Girkawa

Ana jera fallayen bisa juna ta gindinsu, a sa makari tsakanin kowane biyu. Makari shi ne abin da wuta ba ta ratsa shi, kamar Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Sannan a ɗaure jerin da noti biyu, domin guda ɗaya ba ya hana falle juyawa. Da yake notin ma ƙarfe ne, dole a zura shi cikin bututun makari, in ba haka ba zai haɗe fallayen duka.

Inda Matsala Take

Zafi da tsufa kan sa makari ya tsuke, ɗaurin ya saki. Daga nan falle ya goce, matsin baki ya ragu, tartsatsi ya cinye azurfar.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa lafiyar bakin falle tana ga gindinsa. Saboda haka mai gyara ya fara duba ɗauri kafin ya taɓa baki.